Tsinke Biyu a Gujungu

Ranar da na sayar da riɗina a Gujungu,
buhu uku da rabi, dillali ya yagi nasa,
Tsalha direba ya ja ni ta hannun riga:
"Yau ba tsire, ba garau-garau.
Zo ka ga rumfar matar nan ta bayan sito."

Rumfar langa-langa ce, benci huɗu,
fanka ɗaya mai kukan tsohon jaki,
da wata jar fitilar takarda
tana lilo a bakin ƙofa.
Na ce mata sannu, mutanen nesa, daga ina?
Taiwan, in ji ta, wani tsibiri,
ruwa gaba, ruwa baya.
Ni da ban san ruwan da ya wuce
ambaliyar kogin Haɗeja ba,
na ce, Allah sarki, to a ina kuke shuka?

Yaran sito Inna Lin suke ce mata.
Mijinta ke awon riɗi ana lodi zuwa Ikko,
ita ko zaman ɗaki ya ishe ta, ta ɗora sanwa.

Kafin in zauna na yi tambayar da ta wajaba:
naman nan wa ya yanka?
Hansai mai taya ta aiki ta ƙyalƙyale:
"Barau mahauci, Baba,
wanda ke bin ka kuɗin hanta tun ƙaramar salla."
Na yi gyaran murya. Na zauna.

Sai ga kwano, romo baƙi-baƙi yana turiri,
taliya a naɗe kamar igiyar guga,
ƙauri ya dahu har ya saki jikinsa,
lawashi a sama, citta a ƙasa,
da wani ɗan ice mai siffar tauraro
da ko mai kayan ƙamshi na kasuwarmu bai ajiye ba.
Aka dire mini tsinke biyu.

Cokali fa?
Tsalha tuni ya ƙware,
yana tsinta kamar zalɓe a bakin fadama.
Hannun da ya shekara arba'in yana juya garma,
yau tsinke biyu sun kai shi ƙasa.
Na kamo taliya, ta zille,
ta bar mini sa hannu a gemu.
Inna Lin ba ta yi dariya ba.
Ta ce ran da ta fara cin tuwo a gidan su Hansai
miyar kuka har gwiwar hannunta.
Ta gyara mini yatsu, ɗaya bisa ɗaya,
kamar mai koya wa yaro riƙon alƙalami.

Faranti na biyu na gane shi tun daga nesa.
Na ce, ai wannan awara ce!
Ta ce kakarta ma da asuba take tatar waken.
Ashe nisan duniya bai kai yadda ake faɗa ba.
Shayi kuwa da sanyi ya zo,
da wasu ƙwallaye baƙaƙe a gindin kofi.
Na tauna da tsoro. Hansai ta ce rogo ne.
Rogo! Har kai ma ka je yawon duniya
ka dawo ba ka gaishe mu ba?

Daga ƙarshe ta ɗauko ƙaramar kwalba,
ta ɗiga ɗigo uku a sauran romona.
Ban kai baki ba, hancina ya riga ni.
Na ga gonata ta gabas da rijiya,
na ga buka-bukan riɗi a tsaye suna shan rana,
na ji kaikayin kaka a wuyana.
Abin da na sayar da safe
shi ya biyo ni kwano da la'asar,
ya sake riga, bai sake hali ba.
Na ajiye tsinken, na ɗaga kwanon da hannu biyu,
na shanye tas.

Kuɗin ya ɗan ciji aljihu, ba na musu.
Na ƙulle wa Lanti awara a leda,
tsinken kuma Inna Lin ta ce in tafi da su in yi ta gwaji.

Yau kwana tara ke nan.
Ɗaya ya ɓata a buhun gero.
Ɗayan yana hannun Lanti,
da shi take tsefe kan jikarmu.